Autan Ajin Safe

Bong Du-sik bai yi suna ba, bai kuma kwana da yunwa ba, a sana'ar kiɗa kuwa wannan ma rabo ne. Duk wanda ya tashi a tsohuwar unguwar bakin ruwa ta garin Gunsan ya san shi: gajere, mai faɗin kafaɗa, kullum da jita goye a baya kamar mai raino, yana tafe yana gyaɗa kai ga wani kiɗan da shi kaɗai yake ji.

Ubansa mai gyaran kekuna ne a kan hanyar barikin sojojin Amurka. A wancan zamanin rabin garinmu daga teku yake ci, rabi daga barikin nan. Wani soja da zai koma gida ya bar wa uban tarin faya-fayan garmaho, shi kuwa ya ga sun yi daidai da bakin tulunan da muke tsuma kimci, kabejinmu mai yaji, ya ajiye su don murfi. Du-sik ya zari wasu ya kai gidan wani maƙwabci mai garmaho. Abin da ya ji ranar shi ya raba shi da gyaran keke har abada.

Kiɗan jaz ne. Makaɗa su ɗauko take tare, sannan su riƙa karɓa bi da bi, kowa ya faɗi abin da ya zo masa nan take. Wani ya ba shi amsa, wani ya katse masa hanzari, mai ganga yana yi musu ba'a daga baya. Ga yaron da ya tashi a gidan da ba a ɗaga cokali sai uba ya ɗaga nasa, jin mutane suna gardama haka, ba wanda ya sha mari, ba ƙaramin abu ba ne.

Jitarsa ta farko uban ya karya ta a gwiwa, ya ce bai haifi ɗa don ya zama maroƙin mashaya ba. Ta biyu a gidan abokinsa Ma Chil-seong ta zauna. Shi Chil-seong ganga ce ta kama shi, a gidansu kuwa ba wanda ya damu, 'ya'ya sun yi yawa. 'Yan watanni ne tsakaninsu, amma sabuwar shekara ta ratsa ta tsakiya, don haka a lissafinmu Du-sik ne babba. Tun daga nan Chil-seong yake ce masa Yaya, yake zuba masa abin sha da hannu biyu, yake kuma mita a kan hakan duk inda suka zauna.

Sun yi kiɗa a bariki, inda soja zai nemi waƙar ƙauyensu, in ba ka san ta ba ka ƙirƙira. Sun yi a gidajen biki, sun yi a otal-otal, sun yi har a jirgin fito mai zuwa tsibirai. A nan tsakani ya auri Gil-rye, mai sayar da busasshen kifi a kasuwa, wadda har yau take cewa ta zaɓe shi ne don shi kaɗai ne a cikin manemanta ba ya warin kifi. Da injin waƙa ya shigo gari, kowane mashayi ya zama mawaƙin kansa, sai makaɗa suka watse. Wasu suka koma tuƙin tasi, wasu suyar kaji. Du-sik, yana dab da arba'in, ya ce shi ƙasar waje zai tafi makaranta, ya koyo sunayen abubuwan da hannunsa ya daɗe yana yi. Gil-rye ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ya tafi, dama ba jitar ce ke dafa shinkafar gidan ba.

Ya yi shekara biyu a cikin sa'o'in 'ya'yansa, ya dawo da takarda da tari. Wata ƙaramar kwaleji ta ɗauke shi koyarwa. Ya tsara kaɗe-kaɗe da yawa, yana ba su sunan abin da ya buɗe ido ya gani: kifi a kan igiyar shanya, laka bayan janyewar ruwa, ƙararrawar keke. Ya fitar da faifai uku. Waɗanda ba a saya ba suna nan a kwali ƙarƙashin gado, ɗaya kuma Gil-rye ta tokare ƙafar teburi da shi. Abin da ya fi so a duk aikinsa shi ne ƙungiyarsa ta mutum huɗu, da Chil-seong a kan ganga, wadda ke kiɗa kowace Lahadi da la'asar a wani gidan shayi da aka yi a tsohon rumbun shinkafa. Kujerar gaba tasa ce, ta katako, an ɗaure mata ƙafa ɗaya da waya. Shekara da shekaru ba wanda ya zauna a kanta sai shi, sai kyanwar gidan.

A wajen koyarwa kukansa ɗaya ne: ɗalibansa sun cika ladabi. Yakan ce musu kiɗan nan gardama ce, su yi masa gardama. Su sunkuyar da kai su ce, "To, Malam." Laifinsu ba shi da yawa. Mu tun muna ƙanana ake gaya mana ko inuwar malaminka ba ka takawa, balle ka katse masa magana a gaban jama'a.

Wadda ta fi kowa hannu ita ta fi kowa wannan ciwon. Tak So-dam, 'yar wani direban babbar mota, ta zo masa tana budurwa da jitar aro. Ta gama karatu, ta zauna a garin, ta shiga ƙungiyar tana riƙe jita ta biyu, da safe kuma tana koyar da tsofaffi a zauren unguwa. In layi ya zo kanta ranar Lahadi, maganarsa take mayar masa, a wanke a goge, ta kuma tabbatar tata ba ta kai tasa tsawo ba. Masu shan shayi sukan ce kamar Malam ne da kansa. Shi kuwa wannan yabon hana shi cin abinci yake yi.

Yana dab da saba'in yatsu biyu na hannun hagunsa suka fara bijire masa, ƙaramin da maƙwabcinsa. Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, ba ya kisa, ba ya kuma tafiya. Du-sik bai zauna juyayi ba, ya dubi abin da ke gabansa. Ƙungiya ba ta tsayuwa sai da mai jan gaba, shi kuwa hannunsa ya kusa ajiye aiki. In So-dam ba ta hau kujerar nan ta yi magana da bakin kanta ba, kiɗan Lahadi ya ƙare ke nan, a mayar da dandalin wajen jibge kwalaye. Ya kira ta ya gaya mata. Ta durƙusa a gabansa ta ce ya yi mata afuwa. Malam yana raye, yana zaune a ɗakin, ba za ta juya masa ƙeya ba. In ya matsa, gara ta bar ƙungiyar.

Da ba ta iya ba ne, da abin ya zo da sauƙi. Amma wata rana da hantsi, yana ratsa wurin shaƙatawa na bakin tafki, ya ji wasu matasa suna kiɗa. Sai da ya tsaya ya kasa kunne kafin ya gane nasa ne, wanda ya sa wa suna Ƙararrawar Keke. An juya shi baibai, an ja shi ta lungunan da shi mai shi bai san da su ba. Ya zagayo ya ga So-dam ce da sa'o'inta, ido rufe, tana dariya. Ta buɗe ido ta hange shi. Nan take kiɗan ya naɗe ƙafa ya zauna, ya koma irin na Lahadi. Ya ɗaga mata hannu ya wuce. Ya gane ciwon ba a hannunta yake ba, shi ne ciwon.

Ya kai maganar wurin Chil-seong suna cin taliya da rana. Chil-seong ya zuba masa ruwa da hannu biyu, ya yi dogon nazari.

"Yaya, mafita ɗaya ce. Ka mutu."

"In bar maka ƙungiyar? Ko kyanwar ba zan bar maka ba."

"To ka zauna a gida ranar Lahadi."

Wannan ma aka gwada. Lahadi ɗaya ya yi a gida. So-dam ta bar kujerar ba kowa, ta yi kiɗa tana fuskantarta kamar mai gaida kabarin kakanni, shi kuma ya ishi Gil-rye da kai-komo har ta ce in ya sake, da kifi za ta haɗa shi ta shanya.

Gil-rye ɗin ce ta ba shi bakin zaren, ba da niyya ba. Suna cin abinci tana ƙorafin ƙawarta Yuk, tsohuwar kwandastar bas, wadda tun da ta shiga ajin jita na safe da So-dam take koyarwa ba a jin kunne da ita. Wai ita ce shugabar aji, wai har wani tsohon hedimasta ne yake kawo mata ruwa don ta riga shi shiga.

"Ka ji fa, Tsoho. Matar da in ta taɓa jita karnukan unguwa ke amsawa."

Du-sik ya ajiye tsinken cin abincinsa. A wurinmu girma hawa-hawa ne. A gida shekaru ake dubawa, a aji kuwa wanda ya riga shiga shi ne babba, ko da jikanka ne. Wanda ya zo ƙarshe shi ne auta. Malami kuma malami ne, ko nawa shekarunsa.

Ranar Talata da safe ya sa kwat, ya goya jitarsa, ya je zauren unguwa ya ba da sunansa a ajin masu fara koyo. Da So-dam ta shigo ta gan shi a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa, sai da ta dafa bango. Ya miƙe ya rusuna mata sosai.

"Malama, sabon ɗalibi ne. Yatsu biyu suka rage min, ina so a koya min kiɗa da su."

Ta roƙe shi ya daina wasa. Ya ce ba wasa ba ne, kuma gaskiya ya faɗa.

Yuk ba ta bari an ja zancen ba. Ta san shi sarai, ta sha rawa a bukukuwan da ya yi kiɗa tun suna da baƙin gashi, amma ta ce a nan ba a ƙirga furfura. Ta zayyana masa aikin auta: ya riga kowa zuwa ya jera kujeru, ya dafa ruwan sha'ir, ya goge allo, in an fita cin abinci bayan aji, shi ke jera cokula da tsinke, shi ke juya nama a kan wuta. Hedimasta ya miƙa masa tsumman goge allo da fara'ar wanda aka sauke wa kaya.

"Ka ji ko, Auta?"

"Na ji, Yaya."

Makonnin farko abin dariya ne. In ya rusuna wa So-dam sai ta rusuna fiye da shi, shi ma ya ƙara, su yi ta yi kamar kaji a kan tsaba har sai Yuk ta buga teburi. Tana zagaya ɗalibai tana gyara wa kowa yatsu, in ta iso kansa sai ta yi kamar an kira ta a waje. Shi kuwa kiɗansa ya lalace da gaske, ba na shiri ba. Hannu ya tsufa a kan hanyarsa. Ya aiki ƙaramin yatsa inda ya saba aikensa, yatsan ya ƙi zuwa, tsirkiya ta yi kukan ƙofar da ba a sa wa mai ba. Yakan koma gida sharkaf da gumi. Bai gaya wa kowa ba, amma akwai safiyar da ya tsaya a bakin zauren yana shawarar ya juya. Mutumin da ya koyar da rabin makaɗan lardi, ga shi hedimasta ya fi shi tsaftar hannu. Abin da ya shigar da shi kawai, kujeru ba sa jera kansu.

Ajin yana shirin wasan lokacin kaka, wanda ake yi a gaban 'ya'ya da jikoki. Tun kafin ya shigo So-dam ta zaɓa musu Ƙararrawar Keke, ta sassauta shi daidai ƙarfin tsofaffi. Kullum a wuri ɗaya Du-sik yake tuntuɓe, ya ja sauran su faɗi tare da shi. Wata safiya Yuk ta kwantar da jitarta a cinya.

"Malama, ina da magana. Ni kin matse min yatsa har ya yi ja. Hedimasta kin sa shi maimaici har ya jiƙe. Auta kuwa kullum yana kashe mana kiɗa, kina wucewa kamar ba ki ji ba. Ko shi ba ɗalibinki ba ne?"

Kowa ya san nauyin maganar. Malamin da ya daina gyara maka ya sallame ka ke nan. Duka ma ya fi wannan sauƙi. Du-sik ya miƙe, hannaye a gefe, kamar ɗan firamare.

"In an sallame ni ne, Malama, a gaya min in mayar da tsumma."

So-dam ta tsinci kanta tsakanin ladabi biyu, kowanne da haƙoransa. Fuskarta ta yi ja har kunne. Can ta jawo kujera ta zauna a gabansa, ta ce masa, murya ƙasa-ƙasa, ya sake kaɗa wurin. Ya kaɗa. Yatsan ya ƙi.

"Ba haka ba," in ji ta.

"Haka yake. Ni na tsara shi."

"Wanda ya tsara shi yatsunsa huɗu. Kai biyu gare ka. Ka daina aiken wanda ba ya gida."

Hedimasta ya yi gyaran murya. Ta ɗauki tata jitar, ta naɗe yatsu biyu a tafin hannu don ta zo daidai da shi, ta nuna masa wata hanya: a bar tsirkiya ɗaya a sake tana amo, a zame da yatsa ɗaya maimakon a yi tsalle. Ba hanyarsa ba ce, bai taɓa kawo ta a ransa ba. Ya gwada, ta fita. Ya ƙara wani ɗan ado nasa a ƙarshe, don tsokana. Ta ce wannan adon ya tsufa, ta ba shi amsa da wani. Ya mayar mata. Ta katse shi tun bai kai aya ba, ta ɗauke kiɗan ta yi gaba da shi ta lungunan nan da ya ji a bakin tafki, shi yana biye da 'yan yatsunsa biyu yana riƙe mata ƙasa. Sai da Yuk ta buga teburi ta ce su mutane ne masu jikoki, ba za su iya bin wannan haukan ba, a koma inda ake rera waƙa.

So-dam ta dawo hayyacinta, ta buɗe baki za ta nemi gafara. Ya riga ta rusunawa, ya ce ya gode da gyara.

Ranar Lahadi ya riga kowa zuwa gidan shayi, abin ya riga ya zame masa jiki. Ya kori kyanwa, ya goge kujerar katako ya bar ta a gaba, ya jawo wa kansa wata ya ajiye a baya kusa da ganguna. So-dam ta zo ta tsaya tana kallon kujerun, jita a hannu.

"Malam…"

"Ɗalibi ya zauna a gaban malamarsa? So kike a ce ubana bai ba ni tarbiyya ba?"

Ta daɗe a tsaye. Masu shan shayi sun fara shigowa. Ta rusuna, ko wa kujerar ko wa shi, ba a tantance ba, ta zauna. Ba kowa ne ya ji daɗin kiɗan ranar ba. Wasu daga cikin tsofaffin masu zuwa sun ce sun fi son na da, ɗaya ma bai sake dawowa ba. Du-sik dai daga baya yake, yana kallon ƙeyarta tana rawa, yana zuba mata ɗan abin da yatsu biyu za su iya, kuma sau ɗaya da ya yi jinkiri ta waiwayo ta harare shi kafin ta tuna wane ne.

Bayan an tashi, Chil-seong ya ce shi fa yana da tambaya: mai jita ta biyu sabon shiga ne a ƙungiyar nan ko ba sabo ba ne? Ya turo kofinsa gaba. Du-sik ya galla masa harara, ya ɗauki buta zai zuba.

"Hannu biyu, Auta."

Ya sa hannu biyu. Chil-seong ya kurɓa a hankali, ya ce tun yana yaro yake jiran ruwan nan, ashe ɗanɗanon duk ɗaya ne.

Har yanzu Du-sik yana zuwa ajin safe. Ya tsara sababbin kaɗe-kaɗe na yatsu biyu, So-dam tana soke masa rabi. In sun fito titi tana ɗan ja baya, tana kauce wa inuwarsa kamar da. Wannan ya bar mata, titi ba dandali ba ne. Wani tsohon ɗan sanda ya shiga ajin bayansa, aka ce Du-sik ya miƙa masa aikin auta. Ya miƙa tsumma, ya riƙe jera kujeru, wai sabon bai iya ba.

Gil-rye ba ta taɓa zuwa jin kiɗan Lahadi ba, ranar ciniki ce. Da labarin juya nama da jera cokula ya iso mata ta bakin Yuk, ba ta ce komai ba. Da yamma ta dafa shinkafa, ta zuba miya, ta gasa kifi, ta zauna ta naɗe hannu. Ya dube ta, ya dubi teburin, ba cokali ba tsinke. Ya tashi ya ɗauko.